Marsandi, Fijo ko Golf: wace tsohuwar mota mai gas ce za ka iya tayarwa a gida?

Ran wata Juma'a bayan an sakko daga masallaci, ƙanen maiɗakina ya biyo ni gida da wayarsa a hannu. Hotunan motoci uku ya nuna mini, duka tsofaffi, duka masu shan gas, wato man dizal, duka kuma sun daɗe a ajiye. Ta farko Marsandi ce 240D da ta shekara biyar a gindin darbejiya a Zariya, tayoyinta har sun nutse a ƙasa. Ta biyu Fijo 504 ce da wani yake son rabuwa da ita a Maraɗi. Ta uku Golf 2, tana wani gareji nan cikin Kano, mai ita ya gaji da biyan kuɗin gyara. Ya ce, "Yaya, na kafa rumfar kwano a gefen gida, na sayi akwatin sifanu. So nake in tayar da ɗaya da hannuna. Wacce za ka ce in ɗauka?"

Ya tambaye ni ne saboda ya ga wahalar da na sha da tawa Marsandin, wadda ta cinye mini Asabar da Lahadi na shekara biyu da rabi. Fijo da Golf masu gas ban taɓa mallaka ba, amma na sha kwanciya a ƙarƙashinsu wajen taya abokai aiki. Abin da na gaya masa ya fi ƙarfin zaman shayi ɗaya, shi ya sa na ga gara in rubuta.

Da farko na ce masa in don tsimin kuɗin mai yake son yin wannan aiki, ya haƙura. A Najeriya gwamnati ta daɗe da cire hannu daga farashin gas, shekaru da yawa ya fi fetur tsada, kuma ko da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, tazarar ce kawai ta ragu. Abin da za ka kashe wajen tayar da motar da ta haura shekara talatin ba zai dawo ta bakin famfon gidan mai ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ke jan mutum ga irin waɗannan motoci daban ne: ba kwamfuta a cikinsu, ba fulogi, ba kafireto. Iska ce ake matsewa fiye da ninki 20 har ta yi zafi, a fesa mata gas ta kama. Duk abin da ya lalace ido na ganinsa, hannu na taɓa shi.

Amma aikin gida yana da iyaka, kuma iyakar nan ce za ta zaɓa maka mota, ba sunan injin ba. Birki, kuloci, lagireto, wayoyi, bawul, gasket, wanke tanki, duk za ka iya a rumfarka in kana da haƙuri. Abu uku ne dole ka fita da su waje: famfon gas da nozul, yankan karanshaf da gyaran silinda, sai walda da fenti. Saboda haka tambayar ba ita ce wace mota ta fi ƙarko a duniya ba. Tambayar ita ce, a garin da kake, wa zai iya taɓa famfonta, kuma in kan silinda ya tsage, kwana nawa za ka yi kafin ka samu wani.

Bari in fara da wadda na fi sani.

Wannan ƙirar Marsandi kamfanin ya sa mata lamba W123, ita ce yayar wadda muke kira V-boot. Ta fito a 1976, aka daina ƙera ta a farkon 1986, an yi kusan guda miliyan 2.7. A cikin masu gas akwai 200D da 220D da 240D da 300D, kuma 240D ce aka fi yi. Injinta OM616 ne, silinda huɗu, lita 2.4, ƙarfin doki 65 a farko, daga baya aka kai shi 72. Ita 300D silinda biyar gare ta, lita 3, doki 80 daga baya 88, sai mai turbo da ke kai wa wajen 125, wadda galibi daga Amurka take zuwa da giyar otomatik. Yanzu ka ɗora doki 72 a kan motar da ta kusa kilo 1,400. Daga tsaye kafin ta kai gudun 100 sai ta haura daƙiƙa 20. In danja ta ba da hannu, ɗan adaidaita sahu zai riga ka tashi, har ya waiwayo ya dube ka. Mai gaggawa ya nemi wata.

Abin da ta rasa a gudu ta mayar a jimiri. Gangar jikin injin baƙin ƙarfe ne, kan silindar ma baƙin ƙarfe ne, don haka in zafi ya taso tare suke buɗewa, tare suke komawa. A ƙasar da zafin Afrilu ke haura digiri 40 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tayimin ɗinta kaca ce mai layi biyu da ke wanka cikin baƙin mai, ba ta tsinkewa ba sallama. Sai dai ta miƙe a hankali, kuma ana iya auna miƙewar tun kafin ta yi ɓarna. Babban abin kuma shi ne famfon gas. Na Bosch ne mai jere, kowace silinda da nata ɗan fistin a cikinsa, kuma baƙin man inji ne ke jiƙa ƙasansa. Dangin famfon da ke jikin tsofaffin manyan motoci da taraktoci da manyan janareta ne. Duk garin da ke da tashar manyan motoci, da wuya ka rasa dattijon da ya tsufa a kan irinsa.

Ba banza ba ne tasi-tasin da ke zirga-zirga tsakanin garuruwan Maroko suka shekara da shekaru a kan 240D. A gidan tarihin kamfanin da ke Jamus ma akwai wata 240D ƙirar da ta gabaci wannan, mai irin wannan inji, da wani direban tasi na Girka ya ci kilomita miliyan 4.6 da ita. Sai dai masu ba da labarin sukan manta su ce an sauke inji an gyara sau da yawa a cikin tafiyar. Injin yana karɓar gyara ne, ba wai ba ya tsufa ba.

Aikin da ya fi koya mini halin motar shi ne saitin bawul. Da na samu tawa ta tashi, sai ta riƙa yi mini gardama duk safiyar hunturu: kik har batir ya yi sanyi, farin hayaƙi ya cika tsakar gida. Na riga na yanke cewa ringi ne ya mutu, har na fara lissafin sauke inji. Wani tsohon makanike da ke zuwa duba ni ya tsaya ya saurara, ya ce, "Malam, kafin ka kashe kuɗinka, yaushe rabon da a buɗe murfin nan?" Ban san amsa ba. Washegari da asuba, inji na da sanyi, na kwance murfin, na juya karanshaf da soket 27 har hancin kam, wato sandar da ke danna bawul, ya kalli sama, na zura ma'auni. Na shigar iska ya kamata ya zama milimita 0.10, na fitar hayaƙi 0.30. A bawul biyar cikin takwas ko takarda ba ta shiga. A wannan inji gibin raguwa yake yi da tafiya, in ya ƙare sai bawul ya kasa rufewa sosai, matsi ya zube. Noti biyu ne a kan kowane bawul, ana riƙe ɗaya a juya ɗaya da sifana 14 mai lanƙwasa. Ni sai da na kai sifanu biyu wajen maƙeri ya gasa ya lanƙwasa mini. Awa uku na yi, yatsuna duk suka ƙuje. Da na murɗa makulli, bugu ɗaya ta tashi. Tun daga nan duk bayan kimanin kilomita 20,000 nake maimaitawa.

Tana da wani hali kuma da ya kamata mai saye ya sani tun da wuri. Injin gas ba ya samar da zuƙar iska da kansa kamar na fetur, sai aka sa masa famfon zuƙa, kuma Jamusawa suka rataya masa ayyuka da yawa: taimakon birki, kulle ƙofofi, canjin giya a mai otomatik, har da kashe injin kansa. Ranar farko da tawa ta tashi, na gama murna na zare makulli, inji bai ko girgiza ba, ya ci gaba da ƙara. Makulli na hannuna, uwargida ta leƙo tana tambaya ko motar aljanu na sayo. Sai da na tuna da ɗan jan ƙarfen nan da ke saman inji mai rubutun STOP, na danna, ta mutu. Wani siririn tiyon roba ne da ke zuwa ƙofar baya ya tsage. Maganinsa ba tsada, sai cin rai: ka toshe layin ƙofofi, ka bi tiyo ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai yoyo. Saboda wannan ne nake cewa wanda zai yi aiki shi kaɗai a gida ya nemi mai giyar hannu. Haka hita fulogi, masu ɗumama inji kafin tashi: na farkon ƙirar a jere aka haɗa su, ɗaya ya ƙone duka sun mutu, na baya kowanne da wayarsa, kuma ana iya mayar da tsohon tsarin sabo.

Inda Marsandi ke cizo shi ne jiki da nauyi. Tsatsa tana cin wuraren sa jak guda huɗu, da ƙarƙashin batir, da dandamalin da ƙafa ke takawa, da gindin but. In robar gilashin gaba ta bushe, ko ganye ya toshe magudanan ruwa da ke kusa da maƙalar bonet, ruwan damina zai kwanta ƙarƙashin kafet ba ka sani ba. Motar da ta shekara biyar gindin bishiya, wannan ne abin da zan fara dubawa. Sifirin ɗin gaba kuma kada ka kuskura ka cire shi da irin matsin da ake amfani da shi a ƙananan motoci. Dogo ne, a matse yake ƙwarai, in ya kuɓuce yana iya karya mutum. Sauƙin da ake samu shi ne 'yan'uwanta masu fetur, 200 da 230 da 280, sun shigo ƙasar nan da yawa, kuma ƙofa da gilashi da fitila da galibin kayan ƙafa duk ɗaya ne. Kayan injin ma har yau kamfanoni na yin sababbi.

Yanzu ga wadda zuciya ke so.

Duk ɗan Arewa da ya kai shekara arba'in yana da labari da Fijo 504: ko ta ofishin mahaifinsa, ko wagon ɗin da ta kai shi makarantar kwana, ko a-kori-kurar da ta kwaso amfanin gona. A Faransa ta fito a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta kuma ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara fitar da motoci. Turai ta daina yin salun ɗinta a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. A kan hanya mai gargada, cikin ukun nan ba wadda ta kama ƙafarta. Ƙafafunta na da dogon zango, tana da tsayi daga ƙasa, kujerunta kamar katifa. Kayan jiki da na ƙafa kuwa, ka shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, sai ka zaɓa ka darje. Kowane fanelbita ya san lanƙwasar but ɗinta da ka.

A nan ne tarkon yake. Fijon da ta cika Najeriya mai fetur ce. Mai gas injinta daban ne gaba ɗaya, ana kiransa Indenor: akwai mai lita 1.9, da 2.1, da 2.3 mai doki 70 da ake kira XD2. Wanda ya ga kasuwa cike da kayan 504 ya ɗauka ya tsira, sai ranar da ya je neman gasket na kan silinda ko famfon ruwa, a yi ta kawo masa na fetur. A Nijar abin ya ɗan fi sauƙi, saboda alaƙa da Faransa da kuma shekarun da Turawa ke tuƙo tsofaffin Fijo su ratsa Sahara ta Tamanrasset da Arlit da Agadas su sayar. Makanikan Maraɗi da Damagaram sun fi namu sabawa da injin, su gazuwal ma suke ce wa man.

Injin ba rago ba ne. Mai sauƙin fahimta ne, bawul ɗinsa da sanduna ake turawa, ba bel na roba a tayimin ɗinsa, kuma in ka buɗe bonet akwai filin da hannu zai shiga ko'ina. Lagonsa ɗaya: kan silindar alminiyum ne a kan gangar jiki ta baƙin ƙarfe. Alminiyum ya fi saurin buɗewa da zafi, don haka in allurar zafi ta hau sau ɗaya ka yi ko-in-kula, ko dai gasket ya ƙone, ko kan ya lanƙwashe, ko ya tsage. Wani abokina ya gama gyaran tasa tsaf, fenti kamar madubi, amma ya bar tsohon lagireto don ya ga ba ya yoyo. Ciki ashe rabinsa a toshe yake da laka da gishirin ruwan rijiya. A watan Mayu, tsakanin Gusau da Talatar Mafara, motar ta tafasa. Wata huɗu ya yi yana neman kan silinda. Har wani ɗan kasuwa ya kawo masa na J5 yana rantsuwa cewa duk Fijo ne, alhali injin gas mai lita 2.5 na J5 asalinsa na Citroën ne, ko ramin noti ɗaya bai dace ba. Wanda ya san dawan garin, jikin 505 mai gas yake nema, ko J9, ko Ford Sierra mai lita 2.3, domin duk dangin inji ɗaya ne.

Famfon gas ɗinta kuma mai juyi ne, ko na Bosch ko na Roto-Diesel. Irin wannan famfo ba ruwansa da baƙin mai, gas ɗin da ke wucewa ta cikinsa shi ne man da ke jiƙa shi. In ka sha gas ɗin bumburutu da aka gauraya da kananzir, ko mai ruwa a ciki, ƙarfe zai ci ƙarfe, kuma famfon gaba ɗaya ne zai tafi, ba silinda ɗaya ba. Wanda ya ɗauki Fijo ko Golf, matacin da ke raba ruwa da gas shi ne abu na farko da zai saya, kafin ma fenti.

Akwai masu cewa a sayi lafiyayyar 504 ta Kaduna a dasa mata injin gas. Ana yi, na ga an yi. Amma kwanciyar injinan biyu ba ɗaya ba ce, sai an sake mazauninsa, a daidaita giya, a ƙara famfon zuƙa saboda birki, a sa babban lagireto da babban batir, a ja tiyon da ke mayar da gas tanki, sannan a je a gyara takardu saboda lambar inji ta canja. Wannan aikin wanda ya riga ya tayar da mota ɗaya ko biyu ne.

Golf 2 ba ta da labarin da za a ba jikoki, amma ita ce ta fi tausayin aljihu da ƙugu. An yi ta daga 1983 zuwa 1992. Injin gas ɗinta lita 1.6 ne, doki 54, mai turbo 70, a jikin da bai fi kilo 900 da 'yan kai ba, don haka ta fi Marsandi kuzari a cikin gari, kuma abin da take sha bai wuce kashi biyu cikin uku na abin da Marsandi ke sha ba. Mutum biyu da gungumen katako da igiya za su sauke injinta. Irinsa ne a Jetta da Passat da Audi 80 na zamanin, kuma yawan Golf da ke kabu-kabu a Arewa ya sa kayan Balgiyam ba su da wuya. Sai dai tayimin ɗinta bel ne na roba, kuma in ya tsinke fistin da bawul ne za su yi karo, inji ya tashi aiki nan take. Motar da ta daɗe a ajiye, komai kyan bel ɗin a ido, canja shi kafin ka murɗa makulli. Saitin ma ba a yi da ka: akwai ƙarfen kulle kam, da sandar kulle famfo, da agogon awo da ake ɗaurawa a bayan famfon. Kan silindarta ita ma alminiyum ne, famfonta mai juyi ne, ke nan duk tsoron da ke kan Fijo yana kanta. Ga ta kuma ƙasa-ƙasa, mai jan gaba. Hanyar ƙauye da damina ba tata ba ce. Yawancin waɗanda za ka samu sun yi haya har sun gaji, an sha yi musu walda a kan walda.

Na ce masa kafin ya biya ko sisi, ya fara zuwa ya ga mai famfo. Ni na yi kuskuren nan. Na kai nawa wani shago da aka yi mini kwatance, mai shi ya karɓa, bayan kwana biyu ya ce an gama. Motar ta ƙara ƙarfi kam, amma baƙin hayaƙin da take fitarwa sai ka ce gingimari a kan tudu, allurar zafi kuma ta fara hawa. Ashe ba injin gwaji a shagon, sukurun mai kawai ya buɗe. Sai da na sake biya a wani wurin. Yanzu in na shiga shago, idona na kan abu biyu: teburin gwajin famfo mai kwalabe a jere, da ɗan famfon hannu na gwada nozul. Nozul ɗin Marsandi marar turbo ya kamata ya buɗe in matsi ya kai wajen bar 115 a agogon awo, na Golf a wajen 130, ya yi feshi kamar hazo, ba ɗiga ba. In mai shago ya ce shi da kunne yake aiki, ka yi masa godiya ka ɗauki kayanka. Kada kuma ka sa hannu gaban feshin, yana huda fata ya shiga jini.

Wajen duba motar kanta, na ce ya bar fenti da kujeru, ya tafi da sukundireba da ɗan maganaɗisu. Inda maganaɗisu ya ƙi kamawa, an cike rami ne da hoda an shafe da fenti. Inda sukundireba ya shige, ba sai an faɗa ba. Busasshiyar iskar Arewa tana kare ƙarfe, amma motar da ta sha gishirin titunan Turai ko ta zauna bakin teku ta riga ta zo da ciwonta. Inji da ya mutu kuɗi ne da lokaci, kana iya yi a hankali a rumfarka. Jikin da ya ruɓe kuwa ba ya ƙarewa, kuma ba hannunka zai yi ba. Bayan jiki sai takardu, musamman ta Maraɗi, wadda sai ta bi ta kwastan kafin ta zama tasa.

In inji yana tashi, a gwada shi da safe kafin kowa ya ɗumama shi. A sassauta murfin baƙin mai a bar shi a kai: in yana rawa kaɗan ba laifi, in iska na cilla shi sama ringi ya gaji. A duba lagireto ko akwai kumfa ko mai a kan ruwan. In kuma ba ya tashi, kada a yarda a ja motar a saki kuloci don a gani. A juya karanshaf da hannu tukuna, a zubar da tsohon gas domin wani baƙin yauƙi kan tsiro a cikinsa ya toshe komai, a canja mataci, a fitar da iska daga layi. Ranar tashin farko a ajiye faffaɗan katako kusa. Tsohon injin gas yakan iya kama shan baƙin mansa ya yi ta hawa ba tsayawa, makulli ba ya kashe shi. Toshe masa bakin shan iska da katako ne kawai mafita, ba da tafin hannu ba. Shiga ƙarƙashin mota kuma, jak kaɗai ba abin dogara ba ne, bulon siminti ma rugujewa yake. Ƙafafun ƙarfe huɗu da daɓen siminti, ko ka fasa aikin.

Da ya matsa sai na faɗi ra'ayina, sai na ce masa: in jikin ta Zariya bai ruɓe ba kuma giyar hannu ce, ita zan ɗauka, don ita ce za ta yafe maka kuskuren ɗan koyo, ta jure zafinmu da gas ɗinmu, kuma mai famfonta yana nan bayan tasha. In kuɗin da ke hannunka kaɗan ne, ko kana shakkar ko za ka iya kai aikin ƙarshe, ka fara da Golf. Ko ka ɓata, asarar ba za ta hana ka barci ba. Fijo kuwa, duk da ita ce zan fi jin daɗin tuƙawa zuwa ƙauyenmu, ba zan ba ka shawararta ba sai kana da mutum a Maraɗi da za ka kira ya sa maka kaya a mota, ko ka samu inji na biyu ka ajiye tun ranar saye. Ɗan Katsina ko Jibiya lissafinsa zai bambanta da na ɗan Kano.

Mako biyu bayan nan ya kira ni daga Zariya. "Yaya, wurin jak na baya na hagu ya ci, sukundireba ya shige har ƙota. Sauran ukun lafiya. Na ɗaga kafet, dandamali ƙalau. Na sa soket 27, inji ya juya." Na tambaye shi giya, ya ce ta hannu ce, mai huɗu. Na ce ya duba ƙarƙashin batir. Ya yi shiru na ɗan lokaci, ina jin ƙarar ƙarfe, sannan ya ce rami ne kamar tafin hannu, amma bai kai bango ba.

A bayan babbar mota aka kawo ta, da busassun ganyen darbejiya cike da magudananta da gidan ɓera a cikin matacin iska. Da na leƙa shi Asabar ɗin da ta wuce, ya sauke tanki ya jingine shi a rana, nozul huɗu na cikin gwangwanin madara da lamba a jikin kowanne, sifanu biyu kuma suna wajen maƙeri. Amaryarsa ta aiko yaro ya gaya mini cewa tun da ni na jawo, ni zan riƙa sayen sabulun wanki.